Bangon Bayan Kujerar Mama

Mai-Tsani ake ce masa, don da wuya ka gan shi a kan babur ba tare da tsanin nan na ƙarfe ɗaure a baya ba. Sana'arsa kafa kyamarar tsaro a shaguna da gidaje da makarantu, kuma ya iya, ba yabon banza ba. Idan ya shiga wuri ba ya fara taɓa bango. Tsayawa yake yi a bakin ƙofa, ya dubi inda haske ke shigowa, ya dubi inda ƙafafun mutane suka saba bi. Sai ya ce wa mai wurin, "Fita ka shigo kamar baƙo. Tsaya nan. Ɗago kai. Ja baya. Ƙara ja." Shi kuma idonsa na kan waya, yana kallon fuskar mutum har ya gane daidai inda ta fara dushewa. Mai kantin maganin bakin titi har yau yana ba da labari, wai yaron nan ya sa shi kai da kawowa kamar mai koyon tafiya, amma yanzu ko ƙurji ne a hancin mai saye sai ya gani.

Mutum ɗaya ce a duniya bakinsa ba zai iya ce wa "ɗago kai" ba, ita ce surukarsa.

Mama, haka kowa ke kiranta, tana da shagon ɗinkin mata. Ɗaki ne dogo mai ƙofar gilashi ɗaya da ke kallon titi. Kekunan ɗinki a jere ta hannun dama, teburin yanka a tsakiya, labule a can ƙurya inda ake gwada mutane. Kusa da ƙofa akwai teburin kayan da aka gama, kowanne a ledarsa. Kujerar Mama tana ta hagu, babba mai hannu, da matashin da ya riga ya ɗauki siffarta, a jingine da bango. Saman kanta kuma agogo ne da marigayi mijinta ya rataya da hannunsa ranar da aka buɗe shagon. Guga a waje ake yi, a rumfar gefen shago, saboda zafi. Can ne wurin Doguwa, wadda ta daɗe tana yi wa Mama guga tun kafin a yaye Auta. Duk yini tana shige da fice ta ƙofar nan, ta ɗauki leda ta fita, ta dawo da ita a goge.

Autar nan ita Mai-Tsani ya aura. Tun ranar da aka kai gaisuwa bai taɓa duban Mama sama da bakin zanenta ba. Takalmanta ya sani ɗaya bayan ɗaya, har wanda aka sake wa ɗinki. Fuskar kuwa sai a hoton biki. Auta kan yi masa tsiya ta ce, "In kuka haɗu da Mama a kasuwa ta canja takalmi, wuce ta za ka yi." Sai ya yi dariya ya sosa ƙeya. Ita ma Maman ba ta kiran sunansa. Injiniya take ce masa, rabi girmamawa, rabi zolaya.

Ta bakin Auta saƙon ya zo, cewa Mama na son a sa mata kyamara. Ya zo da tsaninsa da jakarsa, ya durƙusa ya gaida ta, sannan ya tsaya a bakin ƙofa kamar yadda ya saba. Bai yi dogon tunani ba ya ga wurin. Bangon bayan kujerar Mama, daidai inda agogo yake, kaɗan sama da kan mutum. Daga nan kyamara za ta kalli ƙofa ta gefe, hasken titi ba zai dake ta a ido ba, kuma duk wanda ya zo teburin kaya fuskarsa na kusa.

Amma ku duba abin da hakan ke nufi. Dole sai ya ce wa Mama ta tashi. Sai ya ja kujerarta. Sai ya sauke agogon marigayi. Sai ya kafa tsani a inda take zama. Bayan duk wannan kuma dole ya ce mata ta fita ta shigo, ta tsaya, ta ɗago kai, shi kuma ya ƙura wa fuskarta ido a waya.

"Yi aikinka, Injiniya," in ji Mama, tana kurɓar shayi. "Kada ka damu da ni."

Ya ɗauki tsani ya wuce can ƙurya, saman labule, ya hau har kansa na gogar silin, ya kafa ta a nan tana kallon ƙofa kai tsaye. Da ya gama ya miƙa mata waya da hannu biyu, idonsa a kan takalmanta.

"Kai, ga shagon gaba ɗaya," ta ce. "Har titi ake gani. Allah ya yi albarka."

Ya ce amin. Gaskiya ne shagon duka ya fito. Amma shi ya san abin da ya yi. Kyamarar da ta yi sama da yawa tsakar kai take gani. Wadda ta yi nisa kuma tana nuna maka cewa mutum ya shigo, ba ta gaya maka ko wane ne. Ga rana da safe tana faɗowa ta gilashin ƙofa, duk mai shigowa sai ya zama baƙar inuwa. Ya ce wa kansa zai dawo ya gyara wata rana da Mama ba ta nan. Mama kuwa kullum tana nan.

An yi watanni a haka. Rannan yana kan aiki a wata makaranta sai Auta ta kira shi, muryarta ba daɗi. Ledar matar likita ta ɓata daga kan teburi, leshi mai tsada da aka gama ɗinkawa don bikin ƙanwarta. Mama na nemansa.

Ya tarar da kekuna duk a tsaye, abin da bai taɓa gani ba a shagon. Masu ɗinki sun kewaye kujerar Mama. Doguwa na tsaye gefe, hannunta har yanzu da danshin sitati. Matar likita ta riga ta zo ta tafi, kuma daga yadda kowa ya yi shiru ka san ba ta tafi da bakinta a rufe ba.

Ya koma baya a hoton har ya kai safiyar. A lokacin Mama na bayan labule tana gwada wata, masu ɗinki kuwa kowa kanta a sunkuye. Ga wata nan ta shigo daga titi, baƙa wuluk saboda haske a bayanta. Ta zo teburi, a nan ne kaɗai launi ya ɗan fito: koren ɗankwali, da kafaɗa, da hannu. Ta ɗauki leda ta juya ta fita, ba gaggawa.

"Ƙara girmansa," in ji Mama.

Ya ja hoton da yatsu biyu. Ɗankwalin ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai kore da baƙi.

Wata gajera cikin masu ɗinkin, wadda ake ce wa Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa, ta leƙo ta kafaɗarsa. "Ai ba sai an ƙara ba. Wa ke ɗaura kore kullum a nan?"

Ba wanda ya juya, amma kowa ya san abin da ke kan Doguwa.

"Na shiga na fita da leda ya fi a ƙirga yau," in ji Doguwa a hankali. "Amma ta matar likita tun jiya na goge ta. Me zan koma yi da ita?"

Mama ba ta amsa mata ba. Shi ta tambaya. "Injiniya, kai ne mai sana'a. Ita ce?"

A nan ne ya kamata ya ce hoton nan ba ya nuna kowa. Maganar tana bakinsa. Amma in ya faɗe ta, tambaya ta gaba ita ce me ya sa, kuma a gaban matan nan duka. Ya dubi takalman Mama, ruwan ƙasa ne ranar, masu igiya.

"Akwai kama," ya ce.

Mama ta yi ajiyar zuciya. "Doguwa, je ki gida ki huta tukuna, har mu ga yadda abin yake."

Doguwa ba ta yi gardama ba. Ta fita rumfa, ana hango ta ta gilashi, ta kashe dutsen guga, ta naɗe wayarsa a kan hannunta kamar kullum, ta rufe kayan da ba ta gama ba da farin ƙyalle don ƙura. Ta leƙo ta ce, "Sai an jima, Mama." Ta tafi.

Kwana biyu Mai-Tsani yana juya abinci a kwano. Rana ta uku da la'asar Auta ta dawo daga kasuwa ta ajiye kwando da ƙarfi.

"Ka san abin da ake cewa? Wai kyamara ta kama Doguwa. Mai kayan miya ce ta gaya mini, har tana cewa ai kyamara ba ta ƙarya. Wadda take yi wa guga a ƙarshen mako ma ta aika a karɓo kayanta." Ta zauna ta cire mayafi. "Matar da ta goya ni. Ni dai na kasa yarda."

"Kada ki yarda," ya ce.

Ta dube shi. Sai ya gaya mata komai, tun daga agogo da kujera har zuwa "akwai kama." Da ya zo kan maganar ɗago kai, dariya ta kusa kuɓuce mata, ta toshe baki da hannu. Amma kafin ya gama dariyar ta gudu.

"Wato kunyar Mama ce ta sa ka bari aka tozarta matar mutane."

Ta matso kusa da shi ta sake tambaya.

"Da ma ta ɗauka ne?"

"Ban sani ba. Ba wanda ya sani. Shi ne maganar. Ko ke ce a hoton nan, haka za ki fito."

"To ka gaya wa Mama."

"Na ce ko ke za ki fara yi mata..."

"A'a, Malam," ta katse shi. "Kyamara ni na kai saƙonta, wannan kuma ba ni ba. Bakin da ya ce akwai kama, shi zai je ya ce babu."

Washegari da safe ya biya ta kasuwa. Bai sha wahalar neman koren ɗankwali ba, rumfar farko da ya tsaya an jibge su kamar ganye, mai rumfar na cewa su ake yayi. Wato kowace mace na iya ɗaura irinsa. Ya ɗauki Auta a babur suka isa shago daidai lokacin da rana ke faɗowa ta ƙofa. Rumfar guga a rufe, farin ƙyallen na nan yadda aka bar shi.

Ya durƙusa ya gaida Mama. Ya ce yana roƙon ta ba shi ɗan lokaci. Auta ta ɗaura ɗankwalin ta fita titi, ta shigo, ta ɗauki leda a teburi, ta fita. Sai ya roƙi Rediyo ita ma ta ɗaura ta yi haka.

"Ni? Ni da ko kafaɗar Doguwa ban kai ba?"

"Ɗaura mana," in ji Auta. "Ai ke kika fi kowa ido rannan."

Ta ɗaura tana gunaguni ta yi. Ya jera hotunan uku ya miƙa wa Mama wayar, na ranar da na yau biyu. Ta sa gilashinta. Ta kalli na farko, ta kalli na biyu, ta koma na farko. Ta daɗe.

"Wanne ne na ranar?"

"Shi ne ban gaya miki ba, Mama."

Ta sake kallo. Daga sama, gajera da doguwa duk ɗaya suke, ɗankwali ne da kafaɗa ke tafiya. Ta cire gilashin ta riƙe shi a cinya.

"Na shiga kantin magani," ta ce. "Na ga aikinka a can. Har tabon goshina na gani a allon mutumin. Me ya sa nawa ya zama haka?"

Kekuna sun sake tsayawa.

"Ban sa ta inda ya kamata ba," ya ce. "Can ta yi sama, ta yi nisa, kuma tana kallon rana. Tun ranar na sani. Wurinta a nan ne." Ya nuna bangon da yatsa ba tare da ya ɗaga kai ba.

Mama ta waiga ta dubi agogo. "To me ya hana?"

"Sai kin tashi, Mama. Sai an sauke agogon Baba. Kuma sai na ce ki fita ki shigo, ki... ki ɗago kai in duba."

Wata cikin masu ɗinkin ta yi wani sauti ta hanci ta mayar da shi tari. Mama ba ta yi dariya ba.

"Da ka ce in tashi, ƙafafuna karyewa za su yi?"

"A'a, Mama."

"Rannan kuma da na tambaye ka a gaban mutane?"

"Na ji kunyar a ce aikina ne bai yi ba. Shi ya sa na ce akwai kama. Babu kama, Mama. Babu komai a hoton."

Ya jira faɗa. Da ta yi masa faɗan ma da ya fi masa sauƙi. Amma sai ta riƙa juya gilashi a hannu, tana kallon rumfar guga ta gilashin ƙofa.

"Kai kyamara ka sa a inda ba ta gani," ta ce daga baya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ni kuma fa? Tun Auta na goye nake kallon fuskar matar nan daga kusa. Na bar abin da na sani na tambayi waya."

Ta dafa hannun kujera ta miƙe. Ta juya, ta miƙa hannu biyu ta sauke agogon da kanta, ta share ƙurar samansa da gefen mayafi, ta miƙa wa Auta. "Nemo masa wani ƙusa." Ta dubi Rediyo. "Ke kuma, yadda kika kai labarin kasuwa, haka za ki kai wannan. Rumfa rumfa." Ta saka takalmi sosai ta ce a tsayar mata da mota, gidan Doguwa za ta.

Bai bi ta ba, ba a ce ya bi ba. Ya ja kujerar gefe, ya kafa tsani a inda take. Kyamarar ƙurya ya bar ta a wurinta don ganin faɗin shago, ya ɗan sunkuyar da ita ta daina kallon rana. Sabuwa ya kafa a gurbin agogo.

Mama ta dawo bayan azahar ita kaɗai. Ba wanda ya tambaye ta, ita ta faɗa. "Ta ba ni ruwa, ta ba ni tabarma. Ta ce ta ji. Ta ce za ta yi tunani." Ta dubi sabuwar kyamarar. "An gama?"

"Saura gwaji, amma sai da safe, lokacin rana."

"To da safe. Kuma ni za ka gwada, kada ka kawo mini Auta."

Da safen ya zo. Mama ta fita titi ta shigo. Ya riƙe waya.

"Tsaya nan, Mama."

Ta tsaya.

"A ɗan... a ɗan ɗago kai."

"Da ƙarfi, Injiniya, kunnena ya tsufa."

"Ɗago kai, Mama."

Ta ɗago. Ga ta nan a allo, tas. Tabon goshi, furfura a gefen ɗankwali, da idanu irin na Auta sak, abin da bai taɓa sani ba. Idanun sun kumbura, da alama ita ma ba ta yi barcin kirki ba. Ya ce ta ja baya, ta ja. Ya ce ta ƙara, ta ƙara, har bakin ƙofa, fuskar ba ta ɓace ba.

A nan ne ya ga wata ta tsaya a bayan Mama, a allon ya fara ganinta. Koren ɗankwali, wanda ta saba, ba ta canja ba.

Mama ta matsa gefe. Doguwa ta gaida ta, gaisuwa cikakkiya amma ba ƙari. Sannan ta dubi tsani, ta dubi inda agogo yake a da, ta dubi Mai-Tsani.

"Wannan ce mai ganin mutane?"

"Ita ce, Gwaggo." Ya durƙusa. "Gwaggo, ni ne na..."

"Na ji, an gaya mini. Tashi ka riƙe wayarka. Ina ake tsayawa?"

Ya nuna mata. Ta zo gaban teburin kaya ta tsaya, ta ɗaga kai tun kafin ya ce, ta kalli kyamarar ido cikin ido.

"Ka gan ni?"

"Na gan ki, Gwaggo."

"Duba da kyau. Ba na son kama."

Ya duba. Ba ta ƙifta ba, ba ta yi murmushi ba, kuma ba ta bar wurin ba sai da ta tabbata ya daɗe yana kallo. Shi ne ya fara sunkuyar da kai.

Ledar matar likita ba a taɓa ganinta ba, Mama ce ta sayi wani leshin aka sake ɗinkawa. Wadda ta karɓe kayanta na ƙarshen mako ma ba ta dawo da su ba, duk da yawon da Rediyo ta yi.

Doguwa ta fita rumfa ta yaye farin ƙyallen, ta kaɗe shi, ta warware wayar dutsen guga. Mai-Tsani ya naɗe tsaninsa. Hanyar babur ɗinsa ta gaban rumfar take, ba wata. Ya saɓa tsanin a kafaɗa ya bi ta nan, ya tsaya, ya ce mata sai an jima yana kallon fuskarta. Ta gwada zafin dutsen da ɗan yatsa mai ruwa, ta ce ya gaida gida.